Kun Tambaya, Mun Amsa: Koren Shayin Japan Daga Ƙaramar Gona

Wasiƙu huɗu ne suka zo mana a wannan watan a kan koren shayin ƙasar Japan, musamman wanda ƙananan manoma ke nomawa ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, wanda a kasuwa ake kira oganik. Dukkan masu tambayar mazauna Legas ne. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Agege. Ƙanena da ke karatu a Japan ya aiko mini da ƙulli biyu na koren shayi, kowanne giram 100, ya ce daga wata ƙaramar gona ne a cikin tsaunukan Shizuoka wadda wani dattijo da matarsa ke nomawa, kuma ba sa yin feshi. Na tafasa shi a buta kamar yadda nake dafa shayi kullum, na sa citta da kanumfari da sukari, amma sai ya fito da ɗaci da bauri, har maigida ya ce ko an cuci yaron ne. Ganyen sirara ne kamar allura, ƙamshinsa kuwa kamar na ɗanyar ciyawa. Lalacewa ya yi a hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar wa maigida da nasa, domin ba a cuci ƙanenki ba. Siffar da kika bayar, ganye siriri kamar allura, kore shar, mai ƙamshin ɗanyar ciyawa, ita ce siffar shayin da mutanen Japan ke kira sencha, wanda shi ne suka fi sha a gidajensu, kuma ƙamshin nan shaida ce cewa ya iso miki da ransa. Tafasawar da aka yi masa ita ce ta jawo ɗacin.

Itacen shayi ɗaya ne a duniya, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Daga jikinsa ake samun jan shayin da mai shayi ke haɗa mana da madara da burodin Agege, daga jikinsa kuma ake samun kore. Bambancin yana faruwa ne bayan an tsinko ganyen. Idan aka murje shi aka bar iska ta shige shi, sai ya rine ya yi duhu, kamar yadda goro ke sauya launi idan aka ɓara shi aka ajiye, wannan shi ne jan shayi. Mai son kore kuwa dole ya yi sauri ya sa wa ganyen zafi don ya tsayar da rinewar. Mutanen Sin galibi suna soya nasu ne sama-sama a busasshen kasko, su kuma mutanen Japan turarawa suke yi, kusan yadda ake turara zogale a madambaci, sai dai nasu bai wuce daƙiƙa 30 zuwa 40 ba, in kuma turare mai zurfi ake so, wanda suke kira fukamushi, a kai minti ɗaya zuwa biyu. Daga nan sai a yi ta murzawa ana busarwa mataki-mataki har ganyen ya nannaɗe ya zama allurar da kika gani. Wani manomi mai suna Nagatani Soen ne ya daidaita wannan hanya a yankin Uji, kusa da birnin Kiyoto, a shekarar 1738, kuma har yau ita ake bi, ko da yake injuna sun karɓi aikin hannu a yawancin wurare.

Na san inda hannunmu ya saba, shi ya sa ban ga laifinki ba. Shekaru da dama na yi ina zama da yamma wurin wani Buzu mai gadi a Obalende, ina kallon yadda yake haɗa shayinsa. Zai ɗora 'yar butarsa shuɗiya a kan garwashi, ya zuba ganye cike da ƙaramin kofin gilas, ya bar shi ya yi ta tafarfasa yana fifita wutar da guntun kwali, sannan ya zuba sukari ya yi ta ɗaga butar sama yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ya taso. Shi ma koren shayi ne, amma na ƙasar Sin, ganye mai tauri da aka soya, wanda ke jure wuta, kuma ɗacinsa ake nema don sukari ya tare shi. Wannan shayi yana da daɗinsa da mutuncinsa, kuma ba na raina shi ko kaɗan. Sai dai ganyen da ke hannunki sabon toho ne mai laushi da aka turara, bai kuma iya ɗaukar abin da wancan ke ɗauka.

Dalilin yana cikin ganyen. Akwai sinadarin da ake kira tiyanin, shi ke ba shayin garɗi da ɗan zaƙi-zaƙi mai kama da na romo, kuma yana narkewa ko a ruwa mai ɗumi. Akwai kuma sinadaran katekin da kafeyin (shi kafeyin shi ne mai hana barcin nan da ke cikin goro), masu kawo bauri da ɗaci, su kuwa sai ruwa ya yi zafi sosai suke fitowa da yawa. Idan kika zuba tafasasshen ruwa, balle ki bar shi a kan wuta, kin buɗe wa ɗacin ƙofa ya danne garɗin da aka biya kuɗi dominsa.

Ga yadda za ki yi da sauran. Ki tafasa ruwa shi kaɗai, ki sauke, ki juye a wani kofi ki bar shi ya huce zuwa kamar digiri 70 ko 80. In babu ma'auni, ki juye shi daga kofi zuwa kofi sau biyu ko uku, ko ki jira har tururin ya ragu, ki iya riƙe kofin a hannu na ɗan lokaci bai ƙona ki ba. Ki sa ganye cokalin shayi biyu, wato kamar giram 4 zuwa 5, a ƙaramar buta ko a kofi, ki zuba ruwan da bai kai cikin kofi ɗaya ba, ki rufe, ki jira minti ɗaya kacal, sannan ki tace gaba ɗaya har ɗigon ƙarshe. Kada ki bar ruwa kwance a kan ganyen, domin zai ci gaba da jiƙa ya ɓata miki zubi na biyu. Ganyen nan kuwa kada ki zubar, zai ba ki zubi na biyu da na uku, kuma a na biyun daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa tun da ya riga ya buɗe. Ruwan da za ki gani kore ne mai ratsin rawaya, ba ja ba.

Ina roƙonki, ko sau uku ne, ki sha shi haka nan ba sukari, ba citta, ba kanumfari, ba madara. Kayan ƙamshinmu suna da ƙarfi, kuma za su rufe duk abin da dattijon nan ya shekara yana wahala a kai. Ranar farko harshe zai iya jin baƙon abu, amma zuwa ta uku za ki fara jin wani zaƙi yana dawowa a maƙogwaro bayan kin haɗiye. In kina son abin taunawa, ki ajiye dabino ɗaya ko biyu a gefe, ki ci kafin ki kurɓa, domin su ma can da ɗan abin zaƙi suke raka shi.

Sai maganar ruwa. Ruwan Japan galibi mara nauyi ne, ba shi da gishirin ƙasa da yawa, kuma shayinsu da irinsa ya saba. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwannin Legas yana da ƙarfe-ƙarfe, wanda ke sa shayi ya yi duhu ya rasa ƙamshi. In kin ga naku yana barin jan tabo a bokiti, ki yi amfani da ruwan gora don wannan shayin kawai. A ranakun zafi kuma ki gwada jiƙa shi a ruwan sanyi, cokali uku a gora mai lita ɗaya, ki bar shi awa uku zuwa huɗu a firji, za ki same shi da garɗi ba tare da ɗaci ba.

TAMBAYA: Ina da shagon kayan shayi a Idi-Araba, kuma masu saye sun fara tambayata koren shayin Japan na oganik. Na ga ƙananan manoma suna tallar nasu a intanet. Mene ne ainihin oganik ɗin nan, yaya zan gane na gaskiya, kuma na ƙaramar gona ya fi na babban kamfani ne? Ina so in fara shigo da shi.

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Tambayarka ta yi kyau, domin kalmar oganik ta zama abin da kowa ke mannawa a jikin leda don ya ƙara kuɗi, alhali a Japan kalma ce da doka ta ɗaure. Ma'aikatar noma da gandun daji da kamun kifi ta ƙasar tana da ƙa'idar da ake kira JAS, kuma tun shekarar 2001 ba a yarda a sayar da amfanin gona a can da sunan oganik ba sai yana ɗauke da hatimin wannan ƙa'ida. Hatimin kore ne, da ɗan hoton ganye da haruffan JAS, a ƙarƙashinsa kuma akwai sunan hukumar da ta duba gonar. Ga itace mai daɗewa irin shayi, sai gona ta yi aƙalla shekara uku ba a sa mata takin zamani ko maganin feshin da aka haramta ba kafin a amince da girbinta. Manomi zai riƙa rubuta duk abin da ya shiga gonar, za a zo a duba shi duk shekara, shi zai biya kuɗin dubawar, sannan masana'antar da ake turara ganyen ita ma sai an tantance ta don kada a gauraya shi da wani.

A nan ne maganar ƙaramar gona take da sarƙaƙiya. Akwai manoman da ba sa feshi tsakaninsu da Allah, amma ba su da hatimin saboda kuɗi da yawan takardu sun fi ƙarfin gonar da mutum biyu ke riƙe da ita. Irin waɗannan ba maƙaryata ba ne, sai dai kai da kake Legas ba ka da hanyar tabbatarwa in ban da abin da suka bayyana da kansu. Don shan gidanka, kana iya yarda da manomin da ya faɗi garinsu da sunan irin da ya shuka da lokacin da ya tsinka, ya kuma nuna takardar gwajin ragowar magani. Don sayarwa kuwa, shawarata ita ce kada ka kira abu oganik a gaban mai saye sai da hatimi a jiki, domin amanarka ce za ka jingina.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke sa shi tsada. Shayi itace ne mai cin taki sosai, kuma yawan sinadarin naitirojin ne ke ƙara wa ganye garɗin da kasuwa ke so. Wanda ya bar takin zamani sai ya koma ga tunkuzar 'ya'yan mai da garin kifi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, waɗanda ke aiki a hankali, sai ƙasa ta yi ɗumi tukuna. A Shizuoka akwai tsohuwar al'adar da ake kira chagusaba, inda manoma ke yanko dogayen ciyayi a kaka, su busar, su shimfiɗa tsakanin layukan shayi don su riƙe laima su kuma ciyar da ƙasa, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin gadon noma na duniya a 2013. Duk wanda ya taɓa noma a Arewa ya san darajar barin kara da harawa su ruɓe a gona, don haka wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Sai kuma ciyawa da masu yaɗo da ke hawa kan itacen, waɗanda dole a cire da hannu a tsakiyar zafin bazara, ga ƙananan ƙwari masu tsotsar toho, ga cutar da ke ƙona ganye idan ruwa ya yi yawa. Shi ya sa da yawa daga cikin irin waɗannan gonaki suke can kan tsaunuka, inda sanyi ke rage ƙwari amma gangara ke hana manyan injuna shiga, kuma galibin masu riƙe da su dattawa ne da 'ya'yansu suka tafi birni. Amfanin kaɗan ne, wahalar da yawa, farashin kuwa daga nan ya samo asali.

Abin da ke sa ni kaina na damu da wannan batu shi ne ba a wanke ganyen shayi kamar yadda ake wanke alayyafo. Daga gona sai turarawa, daga nan sai butarka. Ga mai shan matcha kuwa, wato wanda aka niƙa ya zama gari, ganyen dungurungum yake haɗiyewa. Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa shayin Japan da aka yi wa feshi ba guba ba ne, domin ƙasar tana da dokar iyakance ragowar magani a abinci wadda aka ƙara tsauraranta a 2006. Haka kuma hatimin oganik shaida ce a kan yadda aka yi noma, bai yi alƙawarin daɗi ba. Na sha na oganik da ya fi kowanne ƙamshi, na kuma sha wanda ya fito salam. Sau da yawa za ka ji garɗinsa bai kai na mai takin zamani kauri ba, amma yana da tsabtar ɗanɗano da ƙamshin da ni na fi so.

Babban kamfani yana sayen ganye daga gonaki da yawa ya gauraya, don ɗanɗanon bana ya zama daidai da na bara, kuma wannan ma gwaninta ce da ake girmamawa a can. Ƙaramar gona kuwa tana ba ka abin da shekarar ta bayar, kuma za ka san daga wane tudu ya fito. Idan za ka yi magana da manomi, ka tambaye shi iri. Fiye da rabin gonakin shayin ƙasar irin da ake kira Yabukita ne, wanda Sugiyama Hikosaburo ya zaɓo a Shizuoka a 1908, amma akwai wasu irinsu Saemidori da Okumidori. Ka tambaye shi tsinkar nawa ce, domin ta fari, wadda ake yi daga watan Afrilu zuwa farkon Mayu bayan itacen ya huta duk hunturu, ita ce mafi daraja, ta biyu da ta uku kuma sun fi araha da bauri. Ka tambayi yanki: Shizuoka da Kagoshima su ne kan gaba a yawa, sai Mie, yayin da Uji da Yame suka yi suna a inganci. Ka kuma lura cewa suna rubuta kwanan wata ne daga shekara, sai wata, sai rana, kada ka karanta shi a juye.

Game da shigowa da shi, abin da za a sayar wa jama'a a Najeriya sai ya bi ta hannun hukumar NAFDAC ya sami rajista, ban da haƙƙin kwastan, don haka ka je ofishinsu ka ji sharuɗɗan daga bakinsu kafin ka tura ko sisi. Ka zaɓi jirgin sama, domin makonnin da kwantena ke yi a teku da kuma zaman jira a tashar Apapa cikin rana sun isa su kashe ƙamshin ganye mai laushi. Kada kuma ka farke babban buhu ka ƙulla a farar leda kamar yadda ake yi wa sauran ganyen shayi, ka sa manomin ya rufe maka a ƙananan jakunkunan da iska da haske ba sa shiga, giram 50 ko 100. In da ni ne kai, da kaɗan zan fara, kuma ba da mafi tsada ba. Akwai hojicha, wanda aka gasa ya zama ruwan ƙasa, da genmaicha, wanda aka haɗa da gasasshiyar shinkafa, da bancha na tsinkar baya. Waɗannan ukun sun fi araha, suna jure ruwan zafi, ƙamshinsu kuma ya fi kusa da abin da harshen Bahaushe ya sani. Ka koya wa kowane mai saye yadda ake haɗawa, in ba haka ba zai tafasa ya ji ɗaci, ba zai sake dawowa ba.

Kada kuma mu manta da namu na gida. A tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ana noman shayi a Kakara, a wuri mai tsayi da sanyi irin wanda itacen ke so, kuma mai shago irinka zai kyauta in ya ajiye shi a gefe ɗaya don mai saye ya gwada duka biyun.

TAMBAYA: Ina zaune a Ikorodu da mahaifiyata mai ciwon suga da hawan jini. An ce mana koren shayin Japan yana warkar da su, yana kuma narkar da teɓa. Ni ma ina da juna biyu wata biyar. Za mu iya sha?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Zan faɗa miki kai tsaye saboda maganar ta shafi rai: koren shayi abin sha ne, ba ya warkar da ciwon suga, ba ya warkar da hawan jini, kuma kada Mama ta ajiye ko ƙwaya ɗaya daga maganin da likita ya rubuta mata saboda shi. Tasirinsa a kan ƙiba, in ma an samu, ɗan ƙanƙani ne. Amfanin da na tabbatar da shi shi ne, wanda ya saba da shayi mai madara da sukari cokali uku safe da yamma, idan ya koma shan wannan ba sukari, ya rage wa jikinsa kaya mai yawa, kuma ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kafeyin a ciki. Bisa jadawalin abinci na hukumomin Japan, mililita 100 na sencha yana da kimanin miligiram 20, jan shayi 30, kofi kuwa 60. Amma gyokuro, wanda ake lulluɓe itacensa daga rana kusan kwana 20 kafin tsinka, yana kai wa 160, kuma matcha ma mai ƙarfi ne. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce mai juna biyu kada ta wuce miligiram 200 a rana, a haɗa da goro da kofi da lemon kwalba mai kafeyin. Saboda haka kofi ɗaya ko biyu na sencha mara kauri ba zai kai ki can ba, amma ki bar gyokuro da matcha sai bayan haihuwa. Abu na biyu da ya shafe ki shi ne, shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, don haka kada ki sha tare da abinci ko tare da maganin ƙarin jinin da ake ba ku a wurin awo, ki bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu.

Ita kuma Mama, ku faɗa wa likitanta, musamman in tana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko maganin hawan jini mai suna nadolol, domin an san koren shayi yana iya taɓa aikinsu. Ku kuma nisanci ƙwayoyi da garin da ake tallatawa da sunan tataccen koren shayi. A 2018 waccan hukumar ta Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko fiye na katekin ɗin da ake kira EGCG a rana ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi yana da alaƙa da alamun lahani ga hanta, alhali shayin da aka jiƙa aka sha yadda aka saba ba a ga haka tare da shi ba. Shayin rage ƙiba da ake yawo da shi a kasuwa kuwa, sau da yawa ganyen filasko ake zuba masa, gudawa kawai yake sawa, kuma bai dace da mai ciki ba ko kusa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Yaba. Shayin nan halal ne? Sannan na sayi ƙulli ɗaya, bayan wata biyu ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya tafi. Yaya ake ajiye shi a Legas?

AMSA: Ɗan'uwa, ganyen da aka turara aka busar ba a ƙara masa komai ba, tsiro ne kamar zoɓo, babu abin shakka a cikinsa. Inda za ka tsaya ka karanta abin da aka haɗa shi ne garin da aka riga aka gauraya da madara da ƙamshi, da alewa da kek masu matcha, domin a irinsu ne ake iya samun giya ko gelatin, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi.

Ajiya kuwa ita ce babbar jarrabawar wannan shayi a garin nan. Abubuwa biyar ne ke kashe shi, zafi da laima da haske da iska da warin wani abu, kuma Legas ta tara su duka, musamman daga Afrilu zuwa Yuli lokacin da ko gishiri ke jiƙewa a mazubi. Na yi asarar ƙullina na farko ta wannan hanya, kuma har yau ina jin zafinta. Na buɗe shi, na naɗe bakin da roba, na ajiye a kabad ɗin kicin kusa da daddawa da busasshen kifi, bayan mako uku na ɗauko na tarar ganyen ya dusashe, ruwan da ya bayar kuma yana ƙamshin miya. Busasshen ganyen shayi yana zuƙar wari kamar yadda soso ke zuƙar ruwa.

Ƙullin da ba a buɗe ba ka bar shi a rufe, in kana da firji mai samun wuta a kai a kai ka sa shi ciki. Ranar da za ka buɗe, ka fito da shi ka ajiye wasu awanni har sanyin ya sake shi tukuna, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ganyen nan take. In wutar unguwarku mai zuwa ce tana ɗaukewa, gara ka nemi wuri mafi sanyi da duhu a ɗaki, can ƙasan akwatin kaya nesa da turare, domin sanyi da ɗumi suna musanya a firji ya fi cutar da shi. Wanda ka buɗe kuwa kada ka mayar da shi firji. Ka matse iskar da ke cikin jakar, ka danne bakin, ka sa a gwangwani mai murfi mai kamawa, ka ɗiba da busasshen cokali, ka kuma shanye shi cikin mako biyu zuwa huɗu. Shi ya sa ƙaramin ƙulli ya fi babba a nan ko da babban ya fi araha.

Wanda ya riga ya dusashe a hannunka, matuƙar bai yi fumfuna ba kuma bai ɗauki warin wani abu ba, kada ka zubar. Ka sami busasshen kasko mai tsabta wanda ba maiƙo a jikinsa, ka ɗora a wuta kaɗan, ka zuba ganyen kana juyawa ba tsayawa na 'yan mintuna har ya koma ruwan ƙasa ƙamshin gashi ya tashi, sai ka juye a faranti ya huce kafin ya ƙone. Abin da ka samu shi ne hojicha na gida, kuma shi kana iya zuba masa ruwa mai zafi sosai ka tace bayan rabin minti.